Kawu Labbo da Allurar Kwandasta

Duk wanda ya taɓa zama kan bencin mai shayi na bakin tasha a Ƙaura ya san yadda Kawu Labbo ke sa sukari. Ƙwaya-ƙwaya yake jefawa cikin kofi, kowace da sunan garin da ya shekara talatin yana kai wa lodi da motarsa: "Ƙaura. Zurmi. Moriki. Shinkahi. Jangeru." Sai ya ɗaga ta shida sama, ya dubi jama'a, ya ce, "Wagga ta hanya ta." Ku kuma ku kwashe da dariya. E, ku ɗin nan! Ina ganinku. Ni kaɗai ce ban taɓa yin dariyar ba, kuma har yau da ya kwana arba'in a ƙasa haushinsa bai sake ni ba.

Ni ce Saratu, 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya. Ni na fara gwada jininsa shekara bakwai da suka wuce na ga ciwon suga, likita ya tabbatar, aka rubuta masa ƙwayoyi. Na kai masa har ɗaki, na zauna na yi bayani dalla-dalla. Ya saurare ni yana kaɗa cokali.

"Ke ɗiyag ga," ya ce, "ni injin da ba a taɓa kwancewa ba na. Ba ke za ki hwara ba."

Bayan sati na koma, na tarar ya ninke kwalin maganin ya tokare ƙafar teburin rediyonsa. Ya ce ai ga shi maganin ya yi amfani, tebur ya daina rawa. Na saya masa na'urar gwada suga. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya jefa ta cikin adaka da ledarta, kusa da tsohon lasisinsa. Shekara bakwai ina magana kamar mai zuba ruwa a kwando.

Tun rasuwar matarsa abokiyar zamansa ɗaya ce, wata jar kyanwa da ya sa wa suna Kwandasta, saboda duk inda ya zauna tana gefensa tana kuka kamar mai kiran fasinja. Abin da ya ci shi take ci: burodi tsome cikin shayin nan, fura, ɗumame. Ta yi ƙiba har ɓera na wucewa ta gaban hancinta ta bi shi da ido kawai.

Sai bara ta soma ramewa. Ga ci, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari. Wata safiya Kawu ya ga tururuwa sun yi dandazo a inda ta yi fitsari, nan take ya ce suga ce. Wa ya gaya masa wannan alama? Ni! Ashe duk surutun da nake yi yana shiga kunnensa, ajiyewa yake yi sai ranar da mai daraja ta kamu.

Asibitinmu taku kaɗan ne daga ƙofar gidansa, bai taɓa shiga da ƙafarsa ba. Amma ranar kasuwar Moriki ya sa kyanwa cikin kwando mai murfi ya hau mota, wai akwai wani tsohon likitan dabbobi da ya sani tun yana ɗaukar shanu, shi kaɗai ya yarda da shi. Kun san yadda hanyar nan ta koma. Mutum sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya hau ta. Da na ji, sai na wuni da waya a hannu. A wani shinge jami'in tsaro ya tambaye shi, "Baba, mene ne cikin kwando?"

"Majinyaci," in ji Kawu.

Mutumin ya ɗaga murfi, ya ga ido biyu na harararsa, ya mayar, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Likitan ya ce da akwai na'urar gwaji da ya duba. Kawu ya zura hannu aljihu ya zaro tawa, sabuwa fil cikin leda. Aka soki kunnen Kwandasta. Jama'a, jinin farko da na'urar da na saya wa kawuna ta taɓa gani, na kyanwa ne! Likita ya rubuta takarda: allura sau biyu a rana bayan ta ci abinci, ba tuwo, ba burodi, ba fura, sai nama da kifi da ƙwai.

Da la'asar sai ga shi gidana da takardar. "Likita, koya man allura."

"Kawu, ciwon nan da ka ɗauko mussa kat tahi Moriki dominai, shi aj jikinka!"

"Maganar hwasinja muka yi, ba ta direba ba."

Na koya masa, don na san in ban koya ba zai ƙirƙiro tasa hanyar. Na nuna masa yadda zai ja maganin daidai layin da likita ya ce, ya tattaro fatar bayan wuya ya soka, da yadda zai shafa mata zuma a dasashi in ya ga tana tangaɗi.  Maganin yana son sanyi, wutar lantarki kuwa kun san halinta, sai ya sayi sabon tulu ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a zaure, yana yayyafa masa ruwa sau uku a rana. In ya sallame asuba allura, kafin magariba allura. Bai taɓa saɓawa ba. An taɓa ɗaurin auren jikarsa a Zurmi, ana shafa fatiha ya miƙe, ko abinci bai tsaya ci ba, wai kada magariba ta riske shi a hanya majinyaci na jira.

Kun tuna ranar da Inna Ige maƙwabciyarsa ta ga kyanwar ta tausaya mata ta miƙa mata ragowar tuwo? Unguwa ta taru. Kawu ya tsaya ƙofar gidanta yana ihu, "Kisan kai! Da rana tsaka!" Ya shiga yi mata wa'azi: suga tana cin ido, tana cin ƙoda, tana kashe jijiyar ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Maganata ce kalma da kalma, ko wasali bai canja ba. Kuma duk wannan wa'azin da kofin shayinsa a hannu yake yi, ƙwaya shida cif.

Inna Ige ta ce, "To kai hwa, Labbo? Mi ac cikin kohin ga?"

Ya kurɓa, ya ce, "Ita dabba ta, ba ta san abin da ka kashe ta ba. Ni na sani."

Kuka yi dariya ranar ma. Ni gida na koma na rufe ɗaki.

Kwandasta ta murmure, gashinta ya dawo yana sheƙi. Shi kuwa da bazara ta shigo sai ya soma sa safa, cikin zafin nan da ko riga nauyi take yi. Ya ce gayu ne. Wata rana na kai masa sabuwar kwalbar allura, na ga kyanwar ta kafa hanci a ƙafarsa ta dama tana shinshina, ya kore ta ta dawo. Ban nemi izini ba, na durƙusa na fizge safar. Gyambo ne ƙarƙashin babban yatsa, ya zurma, gefensa ya yi baƙi. Ƙusa ya taka bai ji ba.

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Ina kuka ina faɗa. "To ka mutu, Kawu! Amma wallahi tallahi, ranad da anka binne ka, ni Saratu ba ni yi ma mussag ga allura ko guda! Sai dai ta rame ta bi ka!"

Ya dubi kyanwar, ya dube ni. 

Washegari mai shayi ya miƙa masa sukari. Ya jefa ƙwaya ɗaya, ya ce, "Ƙaura." Ya tsaya. Mai shayi na jira, benci na jira. Ya ce, "Mota ta lalace, nan muka kwana." Ya zaro kwalin nan daga ƙarƙashin tebur ya kawo mini, na ce wannan ya daɗe da lalacewa, muka je asibiti da ƙafarsa aka rubuta sabo. Ya sha magani, ya yarda ana wanke ƙafa. Abin da roƙona na shekara bakwai bai yi ba, tsoron maraicin kyanwa ya yi shi a kwana ɗaya. Ku gaya mini, ba zan ji haushi ba?

Amma an makara. Ciwon ya riga ya shiga jini. Muka kai shi babban asibiti a Gusau, Inna Ige ta karɓi allurar Kwandasta na wucin gadi bayan ya sa ta gwada a gabansa sau biyar. Kwana tara ya yi. Kullum in rana ta yi sanyi sai ya ce in kira ta in ji ko an yi.

Ranar ƙarshe ya yafito ni. Muryar ta yi ƙasa. "Ige ba ta gani sosai. Ke za ki riƙe Kwandasta."

"Kawu, na rantse."

"Na ji rantsuwak ki. Akwai gero cikin ɗakina bayan ƙohwa, na auna ma mutum goma, na ɗaure da jan ƙyalle. Kahhwarak ki ta. Ki raba ma mabuƙata, ki yi mata allura."

Da aka dawo daga jana'iza na shiga ɗakin. Buhun na nan bayan ƙofa da jan ƙyallensa. Inna Ige ta ce tun washegarin ranar da na yi rantsuwar ya auna shi. Wato tun ranar ya san zai tafi, ya kuma san ba zan iya cika rantsuwar ba. Na zauna kan buhun na yi kukan da ban yi ba lokacin da ake masa sutura. Sai ga Kwandasta ta shigo tana kiran fasinja, don magariba ta kusa.

Na raba geron kaffarar. Tulun na zaurena yanzu. Safe da yamma nakan tattaro fatar wuyanta, ta tsaya cak ba gardama, ita ce majinyaciya ɗaya a danginmu da ta taɓa jin maganata.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa taurin kai, ni ma ya yafe mini muryar da na ɗaga masa. Allah ya shayar da shi abin da ya fi zuma zaƙi, a inda babu Saratu mai hana shi. Amin.