Katako a Ƙarshen Gado

A shekarar 2016, wadda zazzaɓin Zika ya mamaye garuruwanmu na gaɓar teku, Arcesio Marrugo ya cika shekara goma sha tara yana tuƙa keken haya mai feda a birnin Barranquilla. Da ƙafafun nan biyu yake ciyar da mahaifiyarsa, Doña Petrona. Zazzaɓin ya yi masa kwana huɗu ya tafi. Bayan mako biyu sai ya fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, kafin Lahadi ta zagayo kuwa shanyewar jiki ta hau har ƙirji. Likitoci suka ce garkuwar jikinsa ce ta juyo ta afka wa jijiyoyinsa. Aka huda maƙogwaronsa, aka haɗa shi da na'urar numfashi. Hankalinsa na nan daram, amma ido kaɗai yake iya motsawa.

Mai gashin ƙashi ɗaya ce ke kula da majinyata goma sha ɗaya na ɗakin asibitin da aka kwantar da shi, sunanta Edelmira. Kowace safiya takan lanƙwasa masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya tana tsokanarsa: "Sarkin feda, yau ma ni ce direba, kai kuwa fasinjan da ba ya biya." In ta gama sai ta tokare masa tafin ƙafa da katako a ƙarshen gado. Ta yi wa tsohuwar bayani cewa jijiyoyin sukan farfaɗo, amma in aka bar ƙafa a langaɓe na makonni agara za ta taƙure, kuma da wuya ta sake sakewa.

Doña Petrona ta gyaɗa kai ba don ta gamsu ba. A ƙauyensu, mutumin da ke cikin akwatin gawa kaɗai ne ƙafarsa ke tokare da katako. Ga shi kuma tana ganin hawaye na bin kuncin ɗanta, domin tokarin yana yi masa zugi kamar wuta. Saboda haka da zarar Edelmira ta tashi aiki da tsakar rana, sai ta zare katakon ta tura ƙarƙashin gado, ta shafa masa man kafur, ta mayar da katakon da sassafe.

A mako na uku Edelmira ta ji agarar ta yi tauri a hannunta. Ta tambayi tsohuwar, ita kuwa ta rantse da Budurwa Maryamu cewa ba ta taɓa komai ba. Sai Edelmira ta sunkuya kan Arcesio.

"Ƙifta sau ɗaya in ana cire katakon, sau biyu in ba a cirewa. Ƙafarka ce fa, ɗan'uwana, ba tawa ba."

Ya fahimci tambayar sarai. Ya san in ya faɗi gaskiya za a hana tsohuwar zama a ɗakin, ya kuma tuna zugin. Ya ƙifta sau biyu.

Bayan wata huɗu aka sallame shi. Numfashi ya dawo, murya ta dawo, hannaye ma suka dawo, amma ƙafafun sun ƙage suna duban ƙasa. Edelmira ta ƙara wata shida tana fama da su, tana zargin hannunta da gazawa. Sau ɗaya ya gwada hawa kekensa, ƙafar ta zame, ya faɗi a gaban abokan sana'arsa.

Doña Petrona ta rasu bayan shekara uku, tana mai imani cewa ita ce ta fizge ɗanta daga bakin kabari. Bai taɓa musa mata ba, bai kuma faɗa wa Edelmira gaskiya ba. Yau yana zaune a bakin kasuwa yana yi wa kekunan wasu faci, yana tafiya da sanda biyu.