Takardar da Na Yanke wa Shekara

Ko da zan manta da komai na zamana a Jidda, akwai wata safiyar Lahadi da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina koyar da tarihin Amurka na zamani a ɓangaren 'yan mata na wata makarantar kuɗi, kuma mai makarantar shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya min na zauna a ƙasar. Ni dai na tsani haddar littafi. Na fi son in kawo wa yara ainihin abin da mutanen lokacin suka bari, irin su hotuna da shafukan jarida da wasiƙun sojoji. Ina da wata dabara da nake ji da ita sosai. Kafin in raba takarda sai in sa almakashi in yanke shekara da sunan gari, in ce su bincika su gano da kansu. Yara na so, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

Wata Alhamis na raba musu kwafin wata tsohuwar takarda da baƙaƙen Amurka suka yi ta rabawa junansu, zamanin da ake tilasta musu zama a bayan bas. Kira ne a ciki, cewa kada kowa ya hau bas ranar Litinin, a faɗa wa maƙwabta, a kuma hallara da yamma. Na ce su tafi da ita gida su yi nazari.

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a can, ko jaka ban ajiye ba aka ce mudira, shugabar makaranta, tana nemana. Na same ta a tsaye, ga wata mata cikin abaya a zaune. Mudira ta miƙo min waya. Takardata ce, an fassara ta da Larabci da rubutun hannu. Babu shekara, babu sunan Amurka, gobe kuma Litinin.

Innalillahi! Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san kiran mutane su taru ba abin wasa ba ne.

Matar nan uwar wata ɗalibata ce, Bahaushiya haifaffiyar Jidda. Ashe yarinyar ce ta fassara takardar don babanta ya taimaka mata. Shi kuwa direban bas ne a wani kamfani. Ya firgita, ya tura wa ƙaninsa yana tambayar ko mene ne wannan, daga nan abu ya bazu a wayoyin direbobi.

Mudira ta ce, "Ya Abla," haka suke kiran malama, "ki kawo min asalinta kafin azahar. In ba haka ba dole in sanar da mai makaranta, kin kuma san iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a hannunsa take. Yalla, maza."

Ban san yadda na tsayar da tasi ba. Daga makaranta har unguwarmu Bani Malik duk motar 'yan sandan da na hango sai in ce tawa ce ta zo. Ina ta hasbunallahu, ina tunanin 'ya'yana biyu, wa zai ɗauko su daga makaranta in aka tafi da ni? A gida na watsar da komai na kan kanta kamar mahaukaciya, har Allah ya sa na ga littafin da na ciro takardar. Na rungume shi a ƙirji na koma.

Mudira ta daɗe tana duban shafin. Ga sunan garin, ga shekarar a ƙasa, ta girme mu duka. Ta ɗauki hotonsa ta ce a tura wa duk wanda ya ga na farko, sannan ta sauke numfashi ta ce, "Halas, shi ke nan."

Ni da bakina da ba ya shiru, sai na juya wurin matar ina dariya. "Kin gani ko, Hajiya? Tsohon tarihi ne, magana ta wuce."

Ta ɗago ta dube ni. "Ta wuce a wurinki, ya Abla. Tun Juma'a mijina bai sa komai a bakinsa ba, daga wayarsa abin ya fita. Wallah ke in an kore ki, kina da Kano. Ni nan aka haife ni, uwata ma haka, kuma iƙama gare mu kamar ke. In an ce mu fita, ina za mu?"

Aikina ya tsira, ba a kuma taɓa mijinta ba, amma da zangon ya ƙare suka cire yarinyar daga makarantar. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma ban sake ganinta ba.

Abin da na koya shi ne, tsohuwar takarda in ta rabu da shekararta sabuwa ce a hannun wanda ya tsince ta. Tun daga ranar, kafin in miƙa wa ɗaliba takarda sai na tsaya na yi tunanin gidan da za ta kwana, da abin da mutanen gidan za su iya rasawa saboda ita.