Labaran Ya Ci Shari'ar Lungu

A Gada Biyu, in ka tambayi gidan Malam Labaran mai katako, sai a tsaya ana tunani. Amma ka ce Labaran mai shari'a, har mai tallan dankali za ta nuna maka. Ya yi ƙuruciyarsa kaf a kasuwar Katako yana tsaga itace, ya aurar da 'ya'ya, ya bar wa ƙannensa rumfa. Abin da ya rage masa na sana'a shi ne ƙarar da ya kai maƙwabcinsa Dantong, tsohon direban ma'aikatar ruwa, a kan wani lungu tsakanin gidajensu wanda ko akuya mai ciki sai ta karkace kafin ta wuce.

Da zafi aka fara, har da nuna yatsa. Amma shekaru suna tafiya, zafin ya huce, shari'ar ta zauna. Ranar kotu Labaran zai saka babbar riga, ya ƙwanƙwasa ƙofar abokin gabarsa.

"Baban Tina, fito mana, za ka makarar da mu!"

Keke ɗaya suke shiga, suna gardama har bakin kotu. A ɗage shari'a, su tsallaka titi su ci masa, su dawo tare. Lokacin da rikici ya watsa unguwanni, abokan ƙuruciyarsu duk suka tashi, su biyun nan suka ƙi motsi. Tina, 'yar Dantong, ta gaji da roƙon uban ya koma wajenta a Bukuru, ga ƙafarsa tana kumbura, ga shi shi kaɗai a gida. Amsarsa ɗaya ce kullum: sai an gama shari'a. Labaran ya san da haka sarai. Shi ya sa, wallahi, ba a taɓa yin mai ƙara da ke son a ɗage ƙararsa kamarsa ba. Yau mura, gobe shaidarsa ya tafi Bauchi jana'iza, jibi shaidar nan dai ya sake tafiya wata jana'izar.

Sai aka kawo sabuwar alƙaliya, irin waɗanda ba sa son ganin tsohuwar shari'a tana kwana. Lauyar Labaran, Barista Nkechinyere, ta kira shi da murnarta.

"Baba, wannan madam ba ya wasa fa. Za mu gama kwanan nan."

Labaran ya gwada murar, alƙaliya ta ce ya sha magani ya zo. Ita da kanta ta taka har Gada Biyu, ta leƙa lungun, ta dubi tsofaffin nan biyu ta saman tabarau. Kafin damina ta ƙare ta yanke hukunci: lungu na Labaran ne.

A bakin kotu Barista tana ta washe baki, shi kuwa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Barista, ki ɗaukaka mana ƙara."

"Haba Baba! Kai ne fa ka ci. Me za mu ce an yi maka?"

"An yi gaggawa."

Ta yi dariya har tana riƙe mota. Shi bai yi ba.

Ranar Asabar motar Tina ta tsaya a ƙofar gida, aka fara fitar da kaya. Labaran ya tsallaka, ya tarar da Dantong zaune a kan buhun masara, ƙafa a miƙe.

"Baban Tina, kai wane irin mutum ne? A ƙwace maka lungu ka yi shiru? Ka ɗaukaka ƙara! An cuce ka, ni shaida ne."

Dantong ya yi dariya.

"Malam Labaran, ƙafan nan ba zai ƙara hawa benen kotu ba. Da ma saboda kai yana hawa."

Baƙin ciki ne ya cika Labaran, irin wanda ba shi da wurin kai ƙara. Can ya ga yaran mota suna jan gadon Dantong a ƙasa, ya daka musu tsawa, ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya, yana faɗa, yana share ido da kafaɗa.