Tsalle da Hannun Daman Baba

A gidanmu babu mai kiran ƙanwata da sunan yanka. Tsalle muke ce mata, kuma Baba ne ya raɗa mata, ba don yabo ba. Ranar da ta dawo daga babbar sakandare ta ce ta zaɓi darasin ilimin motsa jiki, yana shago yana yanka yadi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Wato 'ya'yan mutane su koyi lissafi, ke ki koyi tsalle." Tun daga nan sunan ya bi ta.

Ni ce babba, ni nake taya Baba ɗinki a shagon ƙofar gida, don haka komai a kan idona aka yi shi. Tsalle akwai taurin kai, ga baki. Takan dawo da takalmin gudu rataye a wuya, ta cafke hannun duk wanda ta samu wai za ta ƙirga masa bugun jini. Ta ce wa Inna irin sunkuyon da take yi wajen wanki zai kashe mata baya. Tef ɗin awon Baba kuwa ya sha wuya, don har cinyoyin yaran maƙwabta ta auna da shi. Littafinta cike yake da zanen mutum ba fata, kowace tsoka da sunanta, har Inna ta hana a buɗe shi a wajen cin abinci. Mu dai dariya muke mata, ita ko a jikinta.

Tana ajin ƙarshe Baba ya yanke jiki ya faɗi a shago, almakashi a hannu. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da sannu ƙafar ta dawo, bakin ya daidaita, amma hannun dama ya kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba. Shi kuwa da wannan hannun ya ci da mu duka.

Ranar sallama, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta tara mu ta nuna yadda za a riƙa motsa masa hannun kullum: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, sannan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce watannin farko su ne dama, in aka bar shi yatsun za su naɗe su ƙage. Ni da Inna gyaɗa kai kawai muke. Tsalle ce ke ta jero tambayoyi, har matar ta kama hannunta ta ɗora a kan na Baba ta ce ta gwada.

A gida na gwada sau ɗaya, ya yi nishi, na saki. Inna ko kallo ba ta iya yi. Aiki ya koma kan Tsalle, safe kafin makaranta, yamma in ta dawo. Ta kai wa malaminsu na motsa jiki maganar, ya ƙara mata bayani a kan gaɓoɓin, ya kuma ja mata kunne kada ta wuce abin da asibiti suka nuna. Tana ɗaga hannun tana ƙirgawa da ƙarfi kamar tana filin makaranta, Baba ya kau da kai yana cije leɓe. Na san zafi yake ji, amma kunyar ta fi zafin cin sa. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya zura masa zare a allura ba, yau 'yar da ya raina wa karatu ce ke buɗe masa yatsu.

'Yan dubiya ne suka fi ba ni haushi. Kowa ya zo da likitancinsa. Wannan ta ce a daina wahalar da bawan Allah, wancan ya ce yarinya ta mai da ubanta abin gwaji. Su sha ruwanmu su tafi, su bar mu da zuciyar Baba a dagule.

Makonni suka wuce, hannu bai ce komai ba. Yatsun ma sun fara lanƙwasowa. Jarrabawar Tsalle ta gwaji a fili ta matso, ta daina tsayawa atisaye don kada ta rasa motsin yamma. Sai wata rana wani tsohon mai kawo ɗinki ya zo ya karɓe yadinsa, ya ce ba zai yarda da yankan kowa ba sai na Baba. Baba yana ji daga ɗaki. Da yamma ya sa na rufe keken ɗinkinsa da zane, ya ce daga yau kada wanda ya ƙara taɓa masa hannu.

Washegari Baffa, yayan Baba, ya zo. Yana zaune a gefen gado Tsalle ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ta ja kujerarta ta zauna inda ta saba.

"Ba ki ji abin da aka ce ba?" in ji Baffa.

"Na ji, Baffa. Amma in aka bari yau, gobe ya fi tauri."

"Ke likita ce?"

"A'a."

"To tashi."

Ba ta tashi ba. Inna tana bakin ƙofa tana murza gefen zaninta. Baba ya dubi Tsalle, abin da ya jima bai yi ba, ya ce a hankali, "Tsalle, in kika taɓa hannun nan, ba ni ba ke."

Ban taɓa jin ya faɗa wa ɗayanmu haka ba. Na yi mata alama da ido ta fita, don wallahi na fi son ta rasa gardamar da ta rasa uba. Ta share hawaye da kafaɗar rigarta ta ce, "Baba, ka yi fushi da ni, na yarda. Hannun ne ban yarda ba." Ta sa tafinta a ƙarƙashin nasa, ta fara buɗe yatsun.

Baffa ya miƙe tsaye. Baba ya daka mata tsawa ta sake shi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ta ci gaba. Ya sake yin tsawar, ya yunƙura da dukkan jikinsa zai ture ta.

Sai ƙirgan Tsalle ya tsaya.

Hannun hagun Baba yana dafe da katifa. Wanda ya riƙe wuyan hannun Tsalle na dama ne. Riƙon ba wani ƙarfi, yatsun sai karkarwa suke, amma riƙo ne, kuma shi ya yi shi. Baffa ya koma ya zauna ba tare da ya duba inda yake zama ba.

"Matsa, Baba," in ji Tsalle. "Ƙara matsawa."

Ya tsura wa hannun ido. Muka ga babban yatsan ya ɗan motsa ya danna fatarta. Inna ta toshe bakinta da zani ta juya baya. Baba bai sake ta ba. Can ya yi gyaran murya.

"Wannan tsokar da ta motsa," ya ce, "a littafin naku yaya sunanta?"