Saƙon da Malam Ya Amsa Bayan Rasuwarsa

Shekarun baya, wajen ƙarshen mulkin soja, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, don ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure.

Maigidana, Malam, maɗinkin manyan riguna ne, ɗinkin hannu. A zauren gidanmu da ke kusa da Ƙofar Galadima yake aiki, shi da wasu magidanta da ya koya wa sana'ar. Yana da ɗan ƙane wanda ya karanta kwamfuta a Samaru, ya buɗe ofis a Kaduna inda yake yi wa kamfanoni abin da ya kira shafi a intanet. Wai kamar rumfar kasuwa ce, amma mutumin da ke ƙasar waje yana iya leƙa ta daga ɗakinsa. Shi ya nace sai ya yi wa baffansa irinta. Ya zo da mai hoto. Malam bai so ba, bai taɓa tsayawa gaban abin hoto ba tun da nake da shi. Da ƙyar ya yarda aka ɗauke shi sau ɗaya, yana zaune da riga a cinya. Bayan haka aiki ya riƙa zuwa daga wurare masu nisa. Yaron ne ke karɓar saƙo a Kaduna, ya kawo wa Malam ranar Juma'a, Malam ya faɗa masa amsar da zai mayar.

Sai Allah ya karɓi abinsa. Ciwon bai daɗe ba. Ki dakata kaɗan, 'yar nan, bari in share idona.

Na shiga takaba, ƙanwata ta dawo gidan tana taya ni zama. An yi arba'in har an wuce, wata rana da hantsi aka yi sallama a zaure. Wani Bakatsine ne mazaunin Amurka, ya zo gida ganin iyaye, ya ce bari ya biyo ya ga mutumin da ke ɗinka masa riguna. Da masu ɗinki suka gaya masa rasuwar, sai ya nemi ya yi mini ta'aziyya. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ni ina bayan asabari.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Ashe jiya-jiyan nan ne."

Ƙanwata ta ce, "Wane jiya, Alhaji? Ai an yi arba'in tuni."

Ya ce, "Anya? Ana jibi zan taso na aika masa saƙo ta intanet, ya kuma amsa mini. Na ce rigata ta daɗe, ya ce in yi haƙuri, allura ba ta san sauri ba."

Wannan maganar Malam ce. Ita yake faɗa mini in na yi ƙorafin ya daɗe a zaure tuwo ya huce. Ban san lokacin da baƙon ya tafi ba.

Ku da aka haifa da waya a hannu za ku yi mini dariya, ni ma yanzu ina yi wa kaina. Amma a lokacin ban taɓa ganin kwamfuta ba. Abin da na sani shi ne an ɗauki fuskar mijina an sa a cikin wani ƙarfe, ba da son ransa ba, ga shi kuma an binne shi amma yana magana daga ciki. Na ce a raina ko dai bai samu kwanciya ba ne. Ko wani abu nasa ya maƙale a can, yana ta amsa wa mutane, ba shi da hanyar fita. Na daina shiga turakarsa. Ko giftawa zan yi ta ƙofar sai na kau da kai. Abinci ya ƙi shiga. In na yi masa addu'a sai in rasa inda zan nufa da ita, kabari ko Kaduna.

Ƙanwata ta ce aljani ne ya ari muryarsa. Ta cika gidan da hayaƙin turare har kaji suka gudu maƙwabta. Ta ce, "Yaya, dama na faɗa, duk abin da ba ya ci ba ya sha amma yana magana, a bar shi inda aka gan shi." Na hana ta gaya wa kowa, kada a ce takaba ta taɓa mini kai.

Ranar Juma'a ɗan ƙanen nasa ya zo da cefane kamar yadda ya saba. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Kai, tsakaninka da Allah, baffanka yana cikin na'urar nan taka?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ga yadda na rame, sai ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni ne nake amsawa."

"Da bakinsa?"

"Da sunansa. Inna, mutanen nan ba su san zauren nan ba. Dattijon da suka gani a hoto suka yarda da shi. Duk ran da na rubuta cewa ya rasu, rabinsu za su tafi. Masu ɗinkin da ke zaure kuma kowa da iyalinsa. Hannunsu ne dai ke ɗinkin tun yana da rai, ban cuci kowa a kan riga ba."

Ya kamata hankalina ya kwanta, tunda ba fatalwa ba ce. Sai wani tsoron ya maye gurbin na farko, wanda ya fi shi nauyi. Na ce, "Mutum yana kwance ana yi masa hisabi, kai kana nan kana ɗaukar alkawari da sunansa. In ka ce riga za ta iso wata kaza ba ta iso ba, wa ya yi ƙarya? Wa za a tambaya?"

Ya ce, "Ni za a tambaya, Inna."

Na ce, "Ka tabbata? Ka je can ka gano?"

Sai ya yi alkawarin zai daina, zai kuma sanar da rasuwar. Amma ni zuciyata ba ta yarda da abin da idona bai gani ba. Haka na ƙarasa takabar nan, kullum ina jin kamar ana ƙara wa Malam kaya a kai.

Da na fita, wurin farko da na je bayan gidajen 'yan'uwa shi ne Kaduna, ni da ƙanwata. Ofishin yaron ɗaki ne ƙarami a saman bene, da fanka da wayoyi ko'ina a ƙasa. Ya ba ni kujera gaban wani abu kamar talabijin. Ya danna, na'urar ta fara wani irin kuka mai tsini, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Ƙanwata ta koma bakin ƙofa tana karanta duk abin da ta haddace.

Ya karanta mini inda ya rubuta cewa Malam ya rasu, almajiransa na sana'a ne ke ci gaba da aikin. Sannan hoton ya fara fitowa. Ba gaba ɗaya yake zuwa ba a wancan zamanin, daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan. Na ga hularsa. Aka jima na ga goshinsa, da tabon sallah. Na riƙe hannun kujera. Da girarsa ta fara bayyana na san idanun ne za su biyo, zai kuma dube ni, sai na rufe fuskata da mayafi.

Na ce, "Cire shi."

"Inna, hoton ba laifi ba ne yanzu, tunda an faɗi gaskiya. Ki dube shi ko sau ɗaya."

"Bai so ba tun farko. Ka cire shi, ka sake shi ya huta. Har da wanda aka wanke a takarda, duk ka kawar."

Ya ce, "Shi kaɗai ne fa hotonsa a duniya."

Na ce na sani. Ya yi 'yan danne-danne, ya ɗauko na takardar daga aljihun tebur ya miƙo mini a kife. Ban juya shi ba. Da muka dawo gida na sa shi a murhu. A ranar na shiga turakar Malam na share ta, na ci tuwo har na nemi ƙari.

Abin da yaron ya faɗa ya tabbata. Aikin waje ya ragu sosai, wasu daga cikin masu ɗinkin suka watse, ɗaya ya koma acaɓa. Ban ji daɗin haka ba, kuma ban taɓa cewa ba ni da hannu a ciki ba. Shi yaron Allah ya buɗa masa daga baya, manyan kamfanoni yake yi wa aiki, har yau kuma bai fasa yi mini cefane ba.

Wani malami da na tambaya bayan shekaru ya ce ƙaryar ce abin gudu, kuma ba a ɗora wa mamaci laifin mai rai. Ya ce da na bar hoton ba abin da zai sami Malam. Wataƙila haka ne. Ni dai abin da na gane shi ne, tsoro ba ya tsayawa a inda ya kamata. Ya sa na kare mijina daga ƙarya, sannan ya wuce ya karɓe mini abin da ban san zan nema ba.

Yanzu tsufa ya zo. Ina tuna muryarsa, ina tuna yatsunsa da zare. Amma in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai ta fara saukowa daga sama: hula, goshi, gira. Daga nan sai ta tsaya. Allah ya jiƙansa, ya sa in ga sauran a Aljanna.