Bindigar da Ta Riƙe Ɗantala a Doha

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Ɗantala Nasidi, mutumin Ningi, a unguwar Ain Khalid da ke birnin Doha. Ya gama wanke motar maigidansa, ya zauna a inuwar gareji ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Talata aka haife ka, Ɗantala, Talata ka koma. Ni ne Munzali, mai gadi a Lusail, abokinka da kake ce wa mai baki. Yau bakin ya mutu, sai alƙalami.

Kai ne ka tarbe ni lokacin da na sauka a ƙasar nan ban san gabas ba ban san yamma ba. An jefa ni a ɗakin ma'aikata a Sana'iyya, unguwar masana'antu, zafi kamar a bakin murhu, ina tunanin wane tsautsayi ne ya raba ni da gida. Ranar Juma'a ta farko ka gan ni a ƙofar masallaci ina rarraba ido, ka ji na yi tsaki irin namu, ka dafa kafaɗata ka ce in biyo ka. A ɗan ɗakinka na bakin get na ci tuwon farko a Qatar, da miyar kuka wadda matarka Rahmatu ta aiko da garinta. Tun daga ranar ɗakin nan ya zama zaurenmu.

A takarda kai direba ne, amma hannunka na maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ba a kawo maka abu ka ce ya mutu. Butar shayi, kwaɗon ƙofa, fanka, har wuƙaƙen layyar unguwa kai ke wasawa, kuma wanda ya ciro wani abu zai ba ka sai ka ɓata rai. Da Iliyasu, ɗan zangon Kumasi, ya karye a wurin aiki, kai ka sassaƙa masa sandunan dogarawa daidai tsawonsa, ka naɗe musu kai da tsumma don kada su ci masa hammata. Iliyasu ya yi kuka a maƙabarta kamar ƙaramin yaro, har sai da muka janye shi.

Hannun nan naka shi ya kai ka ga bindigar. Maigidanka, dattijo Abu Jasim, yana da wani tsohon hoto na mahaifinsa riƙe da doguwar bindiga irin ta sojan da. Ya daɗe yana neman irinta, har ya samu aka shigo masa da ita daga waje da lasisinsa. Sai dai maharban can sun riga sun mayar da ita ta farauta: sun datse katakonta, sun cire maratayinta, sun ɗora mata madubin saiti. Ka shiga falo kai masa saƙo ka gan ta a kan tebur, bakinka ya suɓuce ka ce wa ya yi mata wannan mummunan aski. Tsohon ya sa aka fassara masa, ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko hoton ya ajiye a gabanka, ya tambaye ka ko za ka iya mayar mata da kamanninta.

Ban taɓa ganinka cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Aka ware maka ɗaki a bayan gidan, tsohon ya sa kujera yana kallonka. Ka zagaye Sana'iyya kana ƙwanƙwasa katakai da yatsa har ka samu wanda ya kwanta maka. Ɗansa Jasim ya yi odar zobban ƙarfe da maratayi, kai kuma ka sassaƙa sabuwar ƙota tun daga gindi har kusa da baki, ka goge, ka shafa mai, ka sake gogewa. Idan na zo ranar Juma'a sai ka miƙo mini tafin hannunka ka ce in shinshina, wai warin gida ne. Ka buga wa mahaifinka, Baba Nasidi, ka gaya masa ka sake kama aikin gado a ƙasar Larabawa. Ka ce ranar har muryarsa ta canza.

Baba kuwa ya tsufa, idonsa ya tafi. Wutar maƙerarsa ta mutu, zugazugi ya bushe a rataye. Abu ɗaya yake jira, ka dawo ya danƙa maka masabarsa hannu da hannu, ya zaunar da kai a gaban uwar maƙera tun yana da rai. Ka yi masa alkawari da ka gama bindigar nan za ka taho gaba ɗaya. Abu Jasim ma ya amince, ya ce kyautar sallamarka tana hannunsa.

To, gidanku akwai doka. Ka ba ni labarinta tun ba yau ba. Baba yana saurayi ya gyara wa wani maharbi bindiga ranar kasuwa, ya miƙa masa cikin gaggawa, ta fashe a hannun mutumin ta tafi da yatsunsa. Tun daga ranar ya rantse duk bindigar da ta bi ta hannun ɗan gidansa, ko ƙusa ɗaya aka taɓa, mai gyaran ne zai fara ɗora ta a kafaɗarsa ya harba kafin ya ba mai ita. Idan za ta ci wani, ta ci wanda ya yi aikin. A Ningi wannan ba wani abu ba ne, bayan gari za ka zaga. A Doha kuwa bindiga ba ta fita ƙofa sai da mai lasisinta, kuma ba a harba ta sai a filin harbi. Abu Jasim ya ce ba komai, shi zai kai ka da kansa. A makon da ka ɗaura mata maratayi, ciwo ya kayar da tsohon, aka fita da shi Jamus.

Daga nan zaman jira ya fara. Ina so mutanen gida su ji wannan da kyau, domin na san abin da ake faɗa: babu wanda ya tsare Ɗantala. Fasfonsa yana cikin akwatinsa. Jasim da bakinsa ya ce masa khalas, wato shi ke nan, aiki ya yi kyau, Ɗantala ya rataye ta a bango ya koma Ningi. Kai ne ka ce ba ka gama ba. Ka ce bindiga ba hoton bango ba ce, jikokin gidan suna girma, wata rana wani zai sauko da ita.

Wallahi na yi faɗa da kai har na gaji. Na ce katako ka canza, ba cikinta ka taɓa ba. Na ce ka je ka ga Baba ka dawo. Na ce taurin kai ba ibada ba ne. Sai ka kalle ni ka ce: "Munzali, ina shiga zaure abin da Baba zai fara tambayata ke nan, ka harba ta? Ƙarya ba zan iya yi masa ba, a'a kuma ba zan iya ce masa ba." Na ce to ka buga masa ka gaya masa halin da ake ciki, ya yafe maka wannan karon. Ka ce ɗa ba ya roƙon uba ya karya rantsuwarsa. Duk sanda Baba ya kira, abin da kake ce masa kawai, saura kaɗan.

Zafi ya zo ya wuce kana nan. An ce Abu Jasim zai dawo bayan azumi, aka ce bayan babbar Salla, aka ce likita ya ƙara masa lokaci. Akwatinka a ɗaure yake a bayan ƙofa, da turmin atamfar Rahmatu da takalman 'yarka Habiba, waɗanda ka ce kana tsoron ƙafarta ta wuce su. Kullum da safe ka wanke motar da ba mai shiga, ka buɗe ɗakin baya ka goge bindigar, ka rufe. Ka daina dariyar nan taka mai ƙarfi. Wata Juma'a na same ka a tsaye a bakin get kana kallon jirgi yana wucewa, ƙofa a buɗe, ba ka ko taka waje ba. Na ji tausayinka, na kuma ji haushinka, duka a lokaci guda.

Mun binne ka a nan, a maƙabartar Misaimir, da yardar iyalinka. Ko gawarka ba ta ga Ningi ba.

Abu Jasim ya dawo bayan mun yi addu'ar bakwai, a keken guragu. Da aka gaya masa dalilin zamanka, ya rufe fuska da rawaninsa ya daɗe bai buɗe ba. Ya aiko a kira ni, ya ce a kai bindigar filin harbi. Jasim ya miƙa hannu zai ɗauka, na ce a'a, ba ɗan gidan nan ne zai fara ba. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce sanda da tocila ba, aka yi mini izini a matsayin baƙonsu, aka nuna mini yadda zan tsaya. Na ɗora ta a kafaɗa, na yi bisimilla na ja kunama. Ta tashi lafiya lau, Ɗantala. Aikinka ba shi da aibi.

Da yamma na buga wa Baba Nasidi. Na yi masa gaisuwa, na ce an gwada bindigar, lafiya ta tashi. Ya ce wace gwadawa kuma? Sai na kwashe labarin duka na gaya masa, ina zaton zai ji daɗin irin ɗan da ya haifa. Can ya ce: "Yaro, ni duk zatona Balaraben ne ya riƙe mini shi. Kullum sai na kai ƙararsa wurin Allah. Ashe ni ne. Dokar nan ni na kafa ta, ba saukar da ita aka yi ba. Da ya tambaye ni, da na ce ya taho."

Allah ya jiƙanka, Ɗantala. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa amanar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Yadda ka daɗe a bakin ƙofa a duniya, Allah ya sa kada ka yi jira a ƙofar Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rahmatu, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya zama gatanki. Ga 'yan'uwa da dukan maƙeran Ningi, da mu da muka saba cin tuwo a ɗakin bakin get, Allah ya ba mu juriyar rashi. Akwatinsa yana hanya, ban kwance ɗaurin da ya yi masa ba.

Habiba, ke ce idon kakanki yanzu. Ki zauna kusa da shi ki karanta masa wannan a hankali, domin abin da na kasa faɗa a waya ne. Baba, ba kai ka riƙe shi ba, kwanansa ne ya ƙare a nan, kuma ƙasar da za ta ci mutum ita ke kiransa. Abin da ka koya masa shi ya riƙe har ya koma ga Allah. Ka yafe masa shirun da ya yi maka, ka yafe wa kanka, ka sa masa albarka. Ita ya yi ta jira ya zo ya karɓa.