Ranar da aka sanar da bindigata a lasifika

Shekarun baya, shekarar da aka rushe tsohuwar gadar Kawo ana gina sabuwa, ina haya a Unguwar Kanawa tare da matata da yara da mahaifiyata. Sana'ata walda ce, amma ina da ƴar gona a bayan gari, ina kuma da bindiga mai baki biyu da na gada daga mahaifina. Na bi ƙa'ida na samu lasisinta, bayan zirga-zirgar da ta kusa cinye mini takalmi. Da aka ce in kawo mutumin kirki ya tsaya mini shaida, sai na ɗauki abokina na ƙuruciya, tela ne, layinmu ɗaya. Ban da shi da mutanen gidana, ko maƙwabcin da muke katanga ɗaya bai san da ita ba.

Kada ku ɗauka ni wani maharbi ne. Birai nake kora da ita daga masara, su ma sun gama raina ni. In na harba sai su koma bishiyar gaba su jira in gaji. In na dawo gida in naɗe ta a buhu, in kulle a akwatin ƙarfen da na ƙera da hannuna.

Da damina sace-sace suka yi yawa a layinmu, aka kira taro a masallaci bayan La'asar don a kafa ƴan sintiri. Ana cikin shawara sai abokina ya miƙe ya karɓi abin magana, wanda ake kiran salla da shi, ana jin sa har bakin titi.

Ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. A layin nan muna da mai bindiga, da lasisin gwamnati. Ni na tsaya masa shaida."

Ya kira sunana. Ya kwatanta gidan, har da launin ƙofa.

Muna fitowa na ja shi gefe, na ce, "Kai, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Haba mutumina, ai don ɓarayi su ji na faɗa. Wa zai ƙara tunkarar layin nan?"

Na ce, "Amana na ba ka."

Ya yi dariya ya ce, "Abin da hukuma ta sani ai ya wuce sirri. Ka ga mutum, da bindigarsa yana rawar jiki!"

Daga ranar sunana ya koma Kwamanda. Yara su ƙame in na wuce. Mata suka daina aiko ƴaƴansu sayen awarar matata. Wani ma har shago ya same ni, wai in ara masa ya tsorata ƙaninsa a kan rabon gado. Duk na haɗiye, ina murmushin dole.

Wata Juma'a, maza duk mun tafi masallaci, sai samari uku suka yi sallama a gidana kamar masu sayen awara. Matata ta ce ɗayansu ya zaro wuƙa ya ce, "Hajiya, ba kuɗinki muke so ba. Ina abin da aka faɗa a lasifika?" Mahaifiyata ta tare ƙofar ɗakina tana cewa, "Ƴaƴan nan, ku ji tsoron Allah." Suka hankaɗe ta, ta faɗi a kan dakali, ƙugunta ya karye. Akwatin da nake taƙama babu mai iya ɓalle shi, ba su ko gwada ba. Ɗaukarsa suka yi gaba ɗaya suka saka a keke mai ƙafa uku.

Na kai rahoto wurin ƴan sanda, na sha tambayoyi, aka karɓe lasisin. Ban ga laifinsu ba, aikinsu ne. Mai gidan da nake haya ya zo ya duba mahaifiyata, a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ba korarka nake ba, amma sauran ƴan haya sun tsorata." Na gane. Muka tattara muka koma Kawo.

Lokacin da mahaifiyata take kwance a asibiti, abokina ya zo da ledar lemo da ayaba. Ya zauna ya ce, "Ƙaddara ce, mutumina."

Na ce, "Ƙaddarar ce ta karɓi abin magana?"

Ya ce in bar ɗaga murya a gaban mara lafiya. Har yau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Mutane suna cewa ina da haƙuri, kuma ina ƙoƙari. Amma yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, na iya rubutu da hannuna, ina rubuta wannan raina yana tafasa kamar jiya abin ya faru. Na ba hukuma sunana ne don doka ta ce in bayar. Wanda ya san akwai bindiga a gidan wani, rayukan mutanen gidan ne a bakinsa, ba labarin burge taro ba. Kuma duk sanda na ji an tare wani a hanya, sai in ce ko da bindigata aka yi.

Na rasa bindigar mahaifina da lasisinta. Na rasa gidan da aka haifi duk ƴaƴana. Na rasa aboki. Mahaifiyata kuwa ta rasa ƙafafunta, har Allah ya karɓi ranta a zaune take salla.